DARASIN KIWON LAFIYA: YADDA ZA A AUNA YARO MAI ƘIBA

 Darasinmu na wannan wata a kan ƙibar yara ne. Za mu koyi yadda uwa ko uba za su auna ɗansu a gida, su gane ko ƙibarsa tana neman zama cuta. Ba a bukatar kuɗi. Igiya ko tef ɗin tela ya isa. A karanta a hankali. Wanda ya gama ya karanta wa maƙwabcinsa.

ƘIBA DA LAFIYA

Mun saba jin daɗi idan yaro ya yi ɓul-ɓul. Sai mu ce ya samu hutu, gidansu akwai abinci. Dalili kuwa shi ne mun daɗe muna fama da tamowa da ramar yara. Har yanzu tamowa tana nan a ƙauyukanmu, kuma dole mu ci gaba da yaƙi da ita.

Amma wata matsala ta shigo. A yau kusan kowane ƙauye akwai shagon da ake sayar da lemon kwalba, da biskit, da alewa, da taliyar leda. Yara da yawa sun rage tafiya da ƙafa. Wasu sun bar wasan dandali sun koma kallo a waya. Saboda haka ake samun yaro mai rama da yaro mai ƙiba a gida ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, yara da matasa fiye da miliyan 390, 'yan shekara 5 zuwa 19, nauyinsu ya wuce ƙima. Daga cikinsu miliyan 160 suna da ƙiba mai tsanani. Abin bai tsaya a ƙasashen Turai da Amurka ba. Ya iso ƙasashenmu na Afirka.

Yaro mai ƙiba yakan girma da ƙibarsa. Idan ya zama babba, ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya sun fi saurin kama shi. Wani ma tun yana ɗan makaranta cutar take fara yi masa aiki a ɓoye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

INDA KITSE YAKE TARUWA

Duk wanda ya taɓa ganin an feɗe rago ya san kitse iri biyu ne. Akwai wanda yake ƙarƙashin fata. Akwai kuma wanda yake can cikin ciki, ya lulluɓe hanji da ƙoda. Haka abin yake a jikin mutum.

Kitsen cinya da na damtse yana ƙarƙashin fata. Ɓarnarsa ba ta kai ta na ciki ba. Kitsen da ya taru a cikin ciki shi ne mai haɗari. Shi ne yake sa tumbi ya fito, ƙugu ya yi faɗi. Yara biyu suna iya zama nauyinsu ɗaya, amma mai babban ƙugu ya fi shiga haɗari. Shi ya sa sikeli kaɗai ba ya faɗin komai da komai. Sai an haɗa da awon ƙugu.

ƁARNAR KITSEN CIKI

Idan muka ci tuwo ko shinkafa ko burodi, jiki yana mayar da su sukari. Sukarin yana shiga jini. Daga jini sai ya shiga tsoka ya ba mu ƙarfi.

Amma sukari ba ya shiga tsoka sai an buɗe masa ƙofa. Mabuɗin ƙofar wani sinadari ne da jiki yake yi da kansa. Sunansa insulin. Wata 'yar gaɓa ce da ke bayan tumbi take yin sa.

Idan kitsen ciki ya yi yawa, sai ya zama kamar kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa. Mabuɗi yana shiga amma ƙofa ba ta buɗuwa da sauƙi. Sai jiki ya riƙa yin insulin mai yawa don ya tilasta wa ƙofar. A kwana a tashi sai gaɓar nan ta gaji. Daga nan sukari ya taru a jini. Wannan shi ne ciwon sukari irin na manya.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Maiƙo yana yawa a cikin jini. Kitse yana taruwa a hanta. Jini yana hauhawa. Duk waɗannan suna faruwa shiru, yaro bai ji ciwon komai ba. Yana ci, yana wasa, yana zuwa makaranta. To, awo shi ne zai ba mu labari tun da wuri.

AWO NA FARKO: IGIYA

Ƙa'idar guda ɗaya ce, kuma mai sauƙin riƙewa: kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsayin mutum. Masana sun gwada wannan ƙa'ida a ƙasashe da yawa. A shekarar 2022, hukumar da ke tsara ƙa'idojin aikin likitoci a Ingila ta ba da shawarar a riƙa amfani da ita ga manya, da kuma yara daga shekara 5 zuwa sama.

Ga yadda ake yi:

1. A nemo igiya ko zare mai kauri wanda ba ya talewa. Kada a yi amfani da roba.

2. Yaro ya cire takalmi da hula. Idan yarinya ce ta kwance ɗankwali. Ya tsaya a wuri mai shafe, ya jingina da bango. Dugadugansa su taɓa bangon. Ya dubi gabansa.

3. A ɗora littafi ko allo a kwance bisa kansa. A yi alama da gawayi a bango, daidai ƙarƙashin allon.

4. A auna igiya daga ƙasa zuwa alamar. A yanke ta a nan. Wannan igiya ita ce tsayin yaron.

5. A ninka igiyar gida biyu daidai. Yanzu ta zama rabin tsayinsa.

6. A nemo wurin awo. A laluba haƙarƙarin ƙarshe na ƙasa. A laluba saman ƙashin ƙugu. Tsakiyarsu shi ne wurin. Yawanci yana ɗan sama da cibiya kaɗan.

7. A ɗaga riga. Yaro ya saki jikinsa, ya fitar da numfashi kamar yadda ya saba. Kada ya shanye ciki, kada kuma ya tura shi.

8. A zagaya ninkakkiyar igiyar a wurin. Kada a matse ta har ta shiga fata.

Idan bakin igiyar biyu sun haɗu har da saura, ƙugunsa bai kai rabin tsayinsa ba. Madalla. Idan sun haɗu da ƙyar, ko ba su haɗu ba sam, to kitsen ciki ya fara yawa.

A yi awon da safe kafin a karya kumallo, domin cikin da ya ƙoshi yana ƙara faɗi. A maimaita sau biyu don a tabbata. Yarinyar da ta fara girma, uwarta ko yayarta ce za ta auna ta, a cikin ɗaki.

AWO NA BIYU: TEF DA LISSAFI

Mu da muke zuwa ajin yaƙi da jahilci mun koyi rabawa. Ga inda za ta yi mana amfani. A aro tef wajen tela. Tef yana da fuska biyu: inci da santimita. A zaɓi fuska ɗaya a auna tsayi da ƙugu da ita. Kada a auna tsayi da inci, ƙugu da santimita.

A rubuta lambobi uku a takarda.

Lamba ta farko ita ce tsayi.

Lamba ta biyu ita ce rabin tsayi. Wannan ita ce iyakar farko.

Lamba ta uku: a raba tsayi gida 10, a ɗauki kashi 6. Wannan ita ce iyaka ta biyu.

Misali, a ce yaro tsayinsa santimita 130 ne. Rabin 130 shi ne 65. Idan aka raba 130 gida 10 za a samu 13. Shi kuma 13 sau 6 ya ba da 78. To, iyakar farko 65, iyaka ta biyu 78.

Idan ƙugunsa santimita 60 ne, yana ƙasa da 65. Babu damuwa.

Idan ƙugunsa 72 ne, ya wuce 65 amma bai kai 78 ba. Haɗari ya fara. A gyara abinci, a ƙara motsa jiki, a kai shi asibiti a duba shi.

Idan ƙugunsa 80 ne, ya wuce iyaka ta biyu. Haɗarin yana da girma. Kada a yi jinkirin zuwa asibiti.

Ma'aikatan lafiya suna yin wannan lissafi ta wata hanya. Suna raba awon ƙugu da awon tsayi. Idan amsar ta kasance 0.4 zuwa 0.49, lafiya lau. Idan 0.5 zuwa 0.59 ce, haɗari ya ƙaru. Idan ta kai 0.6 ko fiye, haɗari babba ne. Yaron da ƙugunsa 72, tsayinsa 130, amsarsa 0.55 ce. Duk abu ɗaya ne da namu lissafin.

A adana takardar da kwanan wata. Bayan wata uku a sake awo. Yaro yana girma, saboda haka kowane lokaci sai an sake auna tsayinsa. Tsohuwar igiya ba za ta yi ba.

AWO NA UKU: SIKELI

Wannan a asibiti ko ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ake yin sa. Ma'aikacin lafiya zai auna nauyi da tsayi. Zai yi lissafi ya fitar da wata lamba da suke kira BMI. Daga nan zai duba jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2007 don yara 'yan shekara 5 zuwa 19. Jadawalin maza daban, na mata daban, kuma kowace shekara da nata ma'aunin.

Misali, yaro mai nauyin kilo 40 da tsayin santimita 130, lambarsa ta kusa 24. Ga babban mutum wannan lamba daidai ce. Ga yaro ɗan shekara 9 kuwa ƙiba ce sosai. Shi ya sa ba a auna yaro da ma'aunin manya. Shi ya sa kuma ya kamata iyaye su riƙe shekarun 'ya'yansu, su tafi da takardar haihuwa idan akwai.

KUMBURI BA ƘIBA BA NE

A nan sai mu yi hattara. Ba duk babban ciki ne kitse ba. Yaro yana iya samun ƙaton ciki saboda tsutsar ciki, ko tamowa, ko kumburin saifa daga yawan zazzaɓin cizon sauro ko amosanin jini, ko ciwon hanta ko ƙoda.

Ga yadda za a bambance. Yaro mai ƙiba jikinsa duka cike yake: damtse, cinya, wuya da kumatu. Wanda ciwo ya kumbura wa ciki kuwa, hannuwansa da ƙafafunsa sukan zama sirara, haƙarƙarinsa a waje. Idan ƙafa ta kumbura, a danna samanta da babban yatsa a ƙirga uku. Idan wurin ya lotsa bai dawo nan da nan ba, ruwa ne ba kitse ba. Irin wannan yaro a kai shi asibiti a ranar. Kada a rage masa abinci.

Haka kuma awon igiya ba na yaran da ba su kai shekara 5 ba ne. Ƙananan yara dama cikinsu a fito yake. Su nasu awon shi ne na katin asibiti, da tef ɗin nan mai launi uku da ake zagaya wa damtse. Ja yana nuna tamowa mai tsanani, wato ƙasa da santimita 11.5.

WASU ALAMOMIN DA ZA A DUBA

Idan igiya ba ta haɗu ba, a ƙara duba waɗannan:

Baƙin wuya. Fatar bayan wuya ko ta hammata ta yi duhu da kauri, tana da laushi kamar karan-miski. Iyaye da yawa suna ɗauka dauɗa ce, su yi ta dirza yaro da soso. Ba ta fita da wanka. Sau da yawa alama ce cewa insulin ya yi yawa a jini.

Minshari mai ƙarfi da dare, da gyangyaɗi da rana.

Saurin haki idan ya ɗan yi gudu, da ciwon gwiwa ko ƙugu.

Tarihin gida. Ko uwa ko uba ko kakanni suna da ciwon sukari ko hawan jini? Ko uwar ta yi ciwon sukari lokacin da take da cikinsa? Ko an haife shi ɗan ƙarami ƙwarai daga baya ya yi ƙiba da sauri? Duk waɗannan suna ƙara haɗari.

Akwai alamomin da ba a jira da su: yawan ƙishirwa, yawan fitsari dare da rana, kiyashi suna bin fitsarin, da rama ba dalili. Yaro mai waɗannan alamomi, ko mai ƙiba ne ko siriri, a garzaya da shi asibiti.

ABIN DA ZA A YI A ASIBITI

Igiya ba ta cewa yaro yana da cuta. Tana cewa ne a je a duba. A asibiti za a auna hawan jini. Za a ɗibi jini a auna sukari, yawanci da safe kafin yaro ya ci komai. Idan injin ya nuna 100 ko fiye, sukari ya fara hawa. Wani injin yana nuna wannan lamba a matsayin 5.6. A babban asibiti ana auna maiƙon jini da lafiyar hanta.

A shekarar 2007, Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar da ma'auni don yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa da 16. Abu na farko da ta ce a duba shi ne faɗin ƙugu. Bayan shi sai sukari, hawan jini da maiƙon jini. Kun ga ke nan awon da muke yi a tsakar gida shi ne matakin farko ko a wurin likita.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

Na farko, a rage zaƙi. Kwalba ɗaya ta lemo tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9. Saboda illarsa ne gwamnatin Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta shekarar 2021. Ruwa shi ne abin shan yaro. Kunu da zoɓo da fura da shayi, a rage musu sukari kaɗan-kaɗan har baki ya saba.

Na biyu, a rage soye-soye da kayan leda. Fanke, cincin, biskit da alewa su zama na lokaci-lokaci. Idan za a ba yaro kuɗin tara, a san abin da yake saya da su.

Na uku, a koma ga abincinmu na gona. Gero, dawa, wake, gyaɗa, zogale, rama, kuka da kuɓewa duk suna da amfani. A rage yawan tuwo a ƙara miyar ganye. A ba yaro gwaba, gwanda, mangwaro, lemo, goruba ko magarya, gwargwadon abin da ake samu a lokacin.

Na huɗu, a bar yaro ya motsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Langa, ƙwallo, tsere, 'yar gala-gala, tsallen igiya, tafiya makaranta da ƙafa, duk suna ciki. 'Yan mata ma suna da wannan bukata. A ba su wuri da lokaci. A rage zaman kallo, a tabbata yaro yana samun isasshen barci.

Na biyar, jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara 2. Wannan yana kare shi daga cututtuka, kuma yana rage haɗarin ƙiba idan ya girma.

GARGAƊI UKU

Kada a bar yaro da yunwa don ya rame. Yaro yana girma, yana bukatar abinci sau uku. Yawancin yara ba sai sun rage nauyi ba. Idan nauyi ya tsaya, tsayi ya ƙaru, igiya za ta haɗu da kanta. Kada a ba shi maganin rama ko na wankin ciki.

Kada a ba yaro ƙwayar sa ƙiba, irin wadda ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi suna kumbura fuska da ciki, su hau da sukari da jini, su hana yaro tsayi. Wanda ya daɗe yana sha kada a tsayar masa farat ɗaya. A kai shi wurin likita ya rage masa a hankali.

Kada a yi wa yaro gori ko a laƙaba masa suna saboda ƙibarsa. Ba shi ya yi cefane ba, ba shi ya dafa ba. Gori yana sa yaro ya ƙi shiga cikin 'yan'uwansa, ya daina wasa, ƙiba ta ƙaru. A gyara abincin gidan gaba ɗaya. Maigida da uwargida ma su auna kansu da tasu igiyar, domin ƙa'idar ɗaya ce ga manya. Mai juna biyu kuwa ba za ta yi wannan awo ba.

TAMBAYOYI

1. Kitsen wane wuri ne ya fi haɗari a jiki?

2. Mene ne aikin insulin?

3. Daga shekara nawa ake fara awon igiya?

4. Yarinya tsayinta santimita 140, ƙugunta 86. Nawa ne iyakar farko? Nawa ne iyaka ta biyu? Me ya kamata iyayenta su yi?

5. Yaya za a bambance ƙiba da kumburi?

6. Faɗi abubuwa uku da za a rage wa yaro, da uku da za a ƙara masa.

AIKIN WANNAN WATA

Kowane ɗalibi ya auna yaran gidansa da suka kai shekara 5. Ya rubuta suna, shekaru, tsayi, rabin tsayi da ƙugu a littafinsa. Wanda lissafi ya gagare shi ya kawo wa malamin aji su yi tare. Wanda igiyarsa ba ta haɗu ba a kai shi wurin ma'aikacin lafiya mafi kusa, a tafi da takardar awon. Rigakafi ya fi magani.